Ruwan Bohol Ɗinmu Ya Yi Baƙi a Na'urar Gwaji, Guba Muke Sha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani mai tallar na'urar tace ruwa ya zo gidanmu da wata 'yar na'ura mai sanduna huɗu. Ya jona ta a wuta, ya tsoma biyu a kofin ruwan bohol ɗinmu, biyu a kofin ruwan da ya tace. Kafin a jima namu ya yi kore-kore, ya koma baƙi da gudaji, nasa kuwa garau. Ya ce dattin da yarana ke sha ke nan, kuma ƙoda yake kashewa. Tun ranar ban samu barcin kirki ba. Malam, gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Baƙin nan daga jikin sandarsa ya fito. A kowane kofi sanda ɗaya ƙarfe ce, ɗaya alminiyam. Ruwan bohol yana ɗauke da ma'adinan ƙasa narkakku, irin su kalsiyam da magnisiyam, su ne ke ba lantarki hanya. Da wuta ta ratsa sai ƙarfen ya riƙa zagwanyewa cikin kofin, ya yi kore, ya rikiɗe tsatsa. Ruwan da aka tsotse wa ma'adinai kuwa da ƙyar wuta ke bi ta cikinsa, shi ya sa ya zauna garau. In ya dawo, ki ɗebi gishirin miya da yatsu biyu ki barbaɗa a kofinsa, ki ce ya sake jonawa. A gaban idonki zai dagule. Kuma ki hana yara matsowa, sandunan tsirara suke, wutar gida ce a jikinsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaya kofin, wanda aka ce miki lafiyayye ne don bai canza launi ba. Kullum sai na ji wannan magana a ɗakin gwaji. Mutum zai zo da 'yar mitar TDS, wato mai auna ma'adinan da suka narke a ruwa, mai kama da biro, ya ce ta nuna masa 30, saboda haka ruwansa tsarkakakke ne. Mitar nan lantarki take aunawa, daga nan ta ƙiyasta yawan gishirin da ya narke. Iyakarta ke nan. Ƙwayar kwalara ba ta motsa ta, ta taifot ma haka. Ruwan saman da ya gangaro daga rufin da tsuntsaye suka yi wa kashi zai nuna lamba ƙarama ƙwarai, alhali ruwan gishiri da sukari da muke ceto ran yaro mai gudawa da shi zai nuna dubbai. To wanne ne gubar?

Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya yarda da ma'adinai har miligiram 500 a lita, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ƙasa da 600 ɗanɗanon ruwa lafiya lau yake. Dalma fa? Iyakarta miligiram 0.01 a lita. Ko ta ninka haka sau goma mitar ba za ta nuna ba. Ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, ba a yarda a sami ko ɗaya a mililita 100 ba, kuma sai an rene ta a ɗakin gwaji ake ganinta. Wallahi ina jin tsoron ranar da uwa za ta daina tafasa wa jaririnta ruwa saboda wani ɗan talla ya nuna mata lamba. Masu wannan sana'a su ji tsoron Allah, da rayukan yara suke ciniki.

Ban ce ruwanku lafiya yake ba, Hajiya, gwajinsa ne bai nuna komai ba. Ki duba tazarar bohol ɗin da shadda ko sokawe, naku da na maƙwabta. Ana son ta kai mita 30. Ki kai ruwan ɗakin gwajin hukumar ruwa ko na jami'a, a kwalbar da su za su ba ki, ki ce a duba ƙwayoyin cuta da dalma da naitiret, wani sinadari da ke shiga ruwa daga taki ko bayan gida. Kafin sakamako ya fito, ki tafasa na sha ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko ki sa kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ki jira minti 30 kafin a sha.