Tambaya da Amsa: Harsashin Zubi Mai Tsukakken Kai a Gasar Harbi

Tambaya: Malam, ina zaune a Amurka, kuma na shiga ƙungiyar masu gasar harbin saiti da bindigogi masu cin harsashi ɗaya. Na ga dattawan ƙungiyar suna zuba harsashin dalma wanda gindinsa ya fi kansa kauri. Mene ne amfanin wannan siffa, kuma zan iya ɗura shi a kwanso kamar sauran harsasai?

Amsa: Za ka iya, amma asalin wannan harsashi ba don kwanso aka ƙera shi ba, kuma sai ka gane haka kafin ka ci moriyarsa.

Cikin bututun bindiga akwai tsagogi da suka murɗa, tsakaninsu kuma akwai tudu, saboda haka bututu yana da faɗi iri biyu. A samfurin harsashi na .32-40, wanda masu gasar Schuetzen (irin wannan gasa ta harbin saiti da bindigogi masu cin harsashi ɗaya) suka fi so tun ƙarshen ƙarni na 19, faɗin tsakanin tudu da tudu yakan kai kimanin inci 0.315, na tsakanin tsagogi kuwa kimanin inci 0.321. Harsashi mai tsukakken kai yana da zobba a jikinsa waɗanda suke ƙara kauri kaɗan-kaɗan daga gaba zuwa baya: zoben farko yana hawa kan tudun ba tare da tirjiya ba, na tsakiya suna ɗan kama zanen (wato tudun da tsagogin nan), na gindi kuma shi ne ke cike tsagogin ya toshe hanyar iskar albarushi. Manufar duka ita ce harsashin ya shiga bututun a miƙe, domin dalma tana da taushi, kuma idan ta shiga a karkace, a karkace za ta fita, komai kyawun bututun.

Wannan matsala ce Harry Pope, shahararren maƙerin bututu da ya rasu a 1950, ya magance ta hanyar tura harsashi ta bakin bindiga. Masu gasar yanzu sun fi tura shi ta baya da wani ɗan ƙarfen turawa, har sai gindinsa ya wuce inda bakin kwanso zai tsaya da kimanin kashi ɗaya cikin 16 na inci, sannan su saka kwanson da ke ɗauke da albarushi kaɗai a bayansa. Da yawansu kwanso ɗaya suke maimaitawa yini guda. A nan ne tsukewar kan take aiki, domin ita ce ke sa hannu ya iya tura dalma mai nauyin kimanin giram 13 cikin zanen ba tare da ta lotse ba. Idan ka ture harsashin waje da sanda ka duba, za ka ga alamar tudun a kowane gefe daidai wa daida, tana ƙara zurfi zuwa gindi. In ta fi zurfi a gefe guda, to akwai gyara.

Idan kuwa a kwanso kake son ɗura shi, zobe ɗaya ko biyu na gindi ne kawai wuyan kwanson zai riƙe, sauran jikin yana waje. Irin wannan ɗuri ba ya jure jijjiga a aljihu ko a jaka, kuma ribarsa tana samuwa ne kawai idan tsukewar harsashin ta dace da maƙogwaron bututunka, wato mashigar bututun da ke gaban mazaunin kwanso, inda zanen yake farawa. A ganina, wanda bai auna bututunsa ba ya sayi mazubi, ɓarnar kuɗi ya yi. Ka tura ɗan curin dalma mai taushi ta cikin bututun ka auna shi, ka kuma sa maƙeri ya ɗauki siffar maƙogwaron, sannan ka nemi mazubin da zoben gindinsa ya kai faɗin tsagogin ko ya ɗara da inci 0.001. Ka sani kuma harsashin da ya manne da zanen tun kafin harbi yana ƙara matsin wuta, don haka kada ka ɗauki ma'aunin albarushi daga bakin kowa. Ka fara da mafi ƙanƙanta a littafin ɗuri na kamfanin da ya yi albarushin.

Game da haɗin ƙarfe, an saba da kashi 20 zuwa 30 na dalma a kan kashi ɗaya na kuza, domin mai tauri ba ya turuwa da hannu. Kada ka bi da shi ta na'urar daidaita kauri, saboda za ta shafe tsukewar da ka sha wahalar samu. A faranti ake jera harsasan a tsaye, a zuba narkakken maiko har ya rufe ramukan, a bari ya daskare. Gindinsa ba shi da hular tagullar da ke kare dalma daga zafin albarushi, shi ya sa ake tsayar da gudunsa a wajen mita 400 zuwa 450 a daƙiƙa, wanda ya wadatar ga nisan yadi 200 da ake gasar a kai. Ka riƙa narka dalma a inda iska ke shiga sosai, nesa da ruwa da yara, ka kuma wanke hannu kafin cin abinci.