Tambaya da Amsa: Lowel, Birnin Masaƙu da Baƙi

Tambaya: Ni mai sayar da atamfa ce a Maradi. Ɗana da ke karatu a Lowel ta Amurka ya aiko mini hoton wani dogon gini na jan bulo, ya ce tsohuwar masaƙa ce da aka mayar gidan tarihi, kuma kusan kowa a garin jikan baƙi ne. Malam, mene ne asalin garin, kuma me ya sa suke adana masana'antar da ta mutu?

Amsa: Hajiya, Allah Ya yi wa yaron albarka. Lowel tana jihar Masacuset, arewa maso yamma da Boston, kuma ruwa ne ya haife ta, domin a daidai wurin kogin Merimak yana gangarowa da kusan mita 10. Wani attajiri, Francis Cabot Lowell, ya je Ingila a 1810, ya ƙare wa injinan saƙa kallo har ya haddace ƙirarsu, saboda dokar Ingila ta hana fitar da su, sannan ya koma gida aka ƙera irinsu. Ya rasu a 1817, abokansa suka zaɓi wannan gangare, masaƙar farko ta fara aiki a 1823, aka raɗa wa garin sunansa a 1826. An haƙa magudanai masu tsawon kusan kilomita 9, ruwan yana juya manyan ƙafafu irin na amalanke waɗanda suka fi ɗaki tsayi, su kuma suna jan igiyoyin fata da ke motsa injinan kaɗi da na saƙa, ta yadda auduga ke shiga ta ƙofa ɗaya ta fito yadi ta wata.

Ma'aikatan farko ƴan mata ne daga ƙauyukan yankin, kuma a nan nake so ki tsaya, tunda kin san darajar yadi. Ƙararrawa ce ke tashinsu tun duku-duku, su yi awa 12 zuwa 13 a tsaye, su kwana a gidajen kamfani ƙarƙashin kulawar uwar gida. Kowace mai kaɗi ta san zare yana tsinkewa idan iska ta bushe, shi ya sa ake rufe tagogi gam don ɗakin ya riƙe danshi, ƴan matan kuwa su wuni suna shaƙar ƙurar auduga. Da aka rage musu albashi a 1834 sun yi yajin aiki, suka sake a 1836 da aka ƙara kuɗin kwana da abinci. Kada kuma a manta cewa audugar da suke saƙawa bayi ne ƴan asalin Afirka suke nomawa a kudancin ƙasar, wato akwai gumin ƴan'uwanmu a cikin arzikin garin tun daga tushe.

Maganar baƙi gaskiya ce. Leburori ƴan Ailan ne suka haƙa magudanan tun 1822, kuma da yunwa ta afka wa ƙasarsu daga 1845 sakamakon lalacewar dankalin turawa, sai suka kwararo suka maye gurbin ƴan matan ƙauye. Bayansu masu jin Faransanci suka sauko daga Kebek ta Kanada, sannan Girkawa da ƴan Fotugal da ƴan Folan, kowace ƙabila da unguwarta da majami'arta da shagunanta, kamar yadda zango yake a garuruwanmu. Daga shekarun 1920 masu jari suka fara kwashe aikin zuwa kudu inda ƙwadago ya fi araha, kuma kafin ƙarshen shekarun 1950 manyan masaƙun na asali duk sun rufe. Duk da haka baƙi ba su daina zuwa ba: a shekarun 1980 ƴan gudun hijirar Kambodiya suka sauka da yawa, har Lowel ta zama gari na biyu a Amurka wajen yawansu.

Game da adana ginin, majalisar dokokin Amurka ce ta mayar da yankin wurin tarihi na ƙasa a 1978, bayan mutanen garin sun dage a kan haka. A ganina sun yi daidai, domin jikan wanda ya zo da ƙunshin kaya a ka yana da inda zai tsaya ya ce nan kakata ta yi aiki. Mu ma a Maradi bai kamata abin ya zame mana baƙo ba, tunda Katsinawan da suka baro gida a farkon ƙarni na 19 ne suka kafa masarautarmu, kuma ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke bakin gulbi. Yana damuna ƙwarai cewa labarin masaƙanmu da marinanmu da leburorin gyaɗa yana bin tsofaffi zuwa kabari ba tare da an rubuta ba.

Ki ce wa yaron ya shiga masaƙar Boott, inda har yau ake tayar da tsofaffin injinan saƙa don masu ziyara. Ƙarar takan sa mutum ya toshe kunne, to ya naɗo miki ita a waya ki ji abin da waɗancan ƴan mata suke ji daga asuba har dare.