Amsa ga mai tambayar takardun ƙetare iyaka ta mota

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce za ka tafi wata ƙasa ta mota tare da ɗan ƙaninka mai shekara 7, kuma an gaya maka tunda ba jirgi za ku hau ba, katin ɗan ƙasa kawai ya wadatar. Don Allah kada ka ɗora tafiyarka a kan wannan maganar. Na daɗe ina bin hanyoyin ƙasa da ƙasa saboda fatauci, kuma abin da doka take nema a filin jirgi shi take nema a bakin iyaka. Bambancin kawai, a bakin iyaka akwai masu ce maka "wuce kawai", sai ka yi nisa sannan ka gane sun cuce ka.

Fasfo shi ne kan gaba. Tun yau ka buɗe shi ka duba ranar ƙarewarsa, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai da sauran wata 6 a gaba. Ka duba kuma akwai shafukan da ba a taɓa ba, saboda tafiyar mota tana cin shafi: kowace iyaka hatimi biyu ne, na fita da na shiga, haka ma a dawowa.

Maganar katin ɗan ƙasa tana da tushe, amma ba yadda aka faɗa maka ba. Wasu ƙasashen suna da yarjejeniya a tsakaninsu. A ƙungiyar ECOWAS, tun yarjejeniyar 1979 ɗan wata ƙasa yana iya shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 babu biza, amma da sharaɗin ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi. Kenya da Uganda da Ruwanda suna barin 'yan ƙasashensu su ƙetara da katin shaida, haka ma ƙasashen Tarayyar Turai. To amma yafe biza daban, yafe takarda daban. Katin zaɓe ko lasisin tuƙi ko katin wurin aiki ba takardar tafiya ba ne. Kuma yarjejeniya takan canza: Mali da Burkina Faso da Nijar sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Saboda haka labarin wanda ya bi hanyar shekarun baya ba abin dogaro ba ne, ofishin jakadancin ƙasar da za ka je shi ne wurin tambaya. Idan ƙasar tana neman biza, ka tambaye su takamaimai ko irin bizar da za su ba ka tana aiki a iyakar mota. Bizar da ake cikewa ta intanet da wadda ake bayarwa bayan an isa, a wasu ƙasashen a filin jirgi kawai ake amincewa da su. Idan kuma akwai ƙasar da za ku ratsa a tsakiya, ita ma tata dokar tana kanku ko da ba za ku kwana ba.

Sai katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Mai zurfin ido da wuri yake fara kuka: katin ba ya fara aiki sai allurar ta cika kwana 10, don haka yinta ana gobe tafiya ba shi da amfani. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, idan kana da tsohon kati na gaskiya bai mutu ba. Yaron ma yana buƙatar nasa. Kada ka sayi katin da ba a yi maka allura ba, ko da sun yi ta bin ka da shi a tasha. Ban da kamun da za a iya yi maka, shawara cuta ce mai kisa, kati kuwa ba ya kare kowa daga cizon sauro.

Batun yaron shi ya fi damuna, domin ba kai ka haife shi ba. Jami'an shige da fice suna sa ido sosai kan safarar yara, kuma suna da gaskiya. Cewa "ai ɗana ne" ba ta gamsar da su idan sunan uba a takarda ba naka ba ne. Ya kasance yana da nasa fasfo, da takardar haihuwa, da wasiƙar amincewa daga iyayensa biyu mai ɗauke da sunanka da inda za ku da ranar dawowa, wadda kotu ko lauya ya buga wa hatimi, a haɗa da kwafin katin shaidarsu da lambar wayar da za a kira a same su. Na ga an sauke wata baiwar Allah daga mota da jikarta. Jami'in ya tsuguna ya tambayi yarinyar sunan babanta, ta tsorata ta fashe da kuka, wayar uban kuma ba ta shiga. Direba ya jira iya jiransa, daga baya aka sauke musu kayansu mota ta wuce. Matar nan ba ta aikata laifin komai ba, takarda ɗaya ce babu.

Yanzu ga abin da mutane suka fi sakaci da shi, wato hatimi. Yaran mota sukan tattara fasfo ɗin fasinjoji su ce za su kai a buga. Ni ba na bayarwa. Ka sauka da ƙafarka, ka miƙa da hannunka, kuma kafin ka bar tagar ka buɗe ka ga hatimin fita, a ɗaya ɓangaren ka ga na shiga, ka karanta kwanan watan da kwanakin da aka ba ka. Wanda ya shiga ƙasa babu hatimi, a idon doka ta ɓarauniyar hanya ya shigo, komai kyan fasfonsa. Ba a ranar zai ji a jikinsa ba, sai a shingen bincike can cikin ƙasa, ko ranar fita, inda za a tambaye shi ta ina ya shigo. Duk kuɗin da aka nema a wurinka, ka nemi rasit cikin ladabi, ba da faɗa ba.

Idan da motarka za ku tafi, sai ka ƙara da takardun mallakarta, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, inshorar da ke aiki a can (a yankin ECOWAS ita ce ta kati mai ruwan ƙasa), da takardar kwastam ta shigar da mota na wucin gadi. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, ka yi kwafi ka ajiye a wata jaka daban, kuma ku tsara isa iyakar da rana, domin ba kowace ke aiki da dare ba.

Ka faɗa mana ƙasar da za ku da iyakar da za ku bi, wanda ya ƙetara ta nan kwanan nan sai ya ƙara maka bayani. Allah ya kai ku lafiya.