Tambayi Likita: Melatonin da Barcin Tsofaffi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifinmu ya haura shekara 70, kuma kusan shekara guda ke nan yana farkawa da tsakar dare ya kasa komawa barci, ga mantuwa ta fara damunsa. Yayanmu da ke Amurka ya aiko masa da ƙwayoyin melatonin, ya ce suna sa barci kuma suna gyara ƙwaƙwalwa. Mu ba shi? Daga wata mai karatu a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya kuma saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da shi.

Melatonin sinadari ne da jiki yake samarwa da kansa, daga wani ɗan ƙulli mai kamar girman ƙwayar shinkafa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. Wani likitan fata a Jami'ar Yale ta Amurka, Aaron Lerner, shi ne ya fara tace shi daga ƙwaƙwalwar shanu a shekarar 1958. Idan duhu ya shiga, ido yakan isar da labari ga ƙwaƙwalwa, sai sinadarin ya fara ƙaruwa a jini, ya kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare, sa'annan hasken safiya ya dakatar da shi. Aikinsa ya yi kama da na ladan, wanda yake sanar da shigowar lokaci amma ba ya ɗaukar kowa ya kai shi masallaci. Shi ya sa ya fi amfanar wanda agogon jikinsa ya rikice, kamar matafiyin da ya sauka daga ƙasa mai nisa, ko makahon da idonsa ba ya bambance dare da rana. Ga mai rashin barci na yau da kullum kuwa, bincike ya nuna cewa 'yan mintoci kawai yake rage masa kafin barci ya ɗauke shi.

Gaskiya ne cewa yawansa yana raguwa da tsufa, kuma a 2007 hukumomin Turai sun amince da wani nau'i mai miligiram 2, mai narkewa a hankali, ga waɗanda suka kai shekara 55, na ɗan lokaci kawai. To amma batun gyara ƙwaƙwalwa ya samo asali ne galibi daga gwaji a kan ɓeraye, inda aka ga yana kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa daga lalacewa. Gwajin da aka yi a kan masu cutar mantuwa bai tabbatar da cewa yana dawo da tunani ba, kuma ba na so ku ɗora burinku a kansa har lokaci ya ƙure.

Akwai abin lura kuma. A Amurka ana sayar da shi ba da takardar likita ba, kuma an sha gano cewa abin da ke cikin kwalbar ya saɓa da abin da aka rubuta a jikinta, alhali a Ingila sai likita ya rubuta. Yana iya kawo jiri da ciwon kai da magagin barci, kuma jiri ga tsohon da ke fita bayi cikin duhu yana nufin faɗuwa da karaya. Yana kuma iya cin karo da maganin tsinka jini, da na hawan jini, da na ciwon sukari.

Saboda haka ku ajiye kwalbar tukuna. Ku lura ko fitsari ne yake tashinsa, ko ciwon gaɓoɓi, ko minshari mai yanke numfashi, domin kowanne maganinsa daban. A hana shi goro da shayi bayan la'asar, a taƙaita barcin rana, kuma bayan sallar asuba, idan rana ta fito, ya zauna a tsakar gida ya sha hantsi, saboda hasken safe ne yake saita agogon jiki. Mantuwar ita ce ta fi damuna, don haka ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe a duba shi sosai, ku tafi da kwalbar da duk sauran magungunan da yake sha.