'Yan Matan Rasha Masu Zamiya a Kan Ƙanƙara: Wace Ce Za Ta Kai Labari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar 'yan mata. Kwanakin baya na ci karo da bidiyon wasu ƙananan 'yan matan Rasha masu wasan zamiya a kan ƙanƙara. Yarinya ba ta wuce shekara 12 ba, sai ta tashi sama ta juya sau huɗu, ta sauka da ƙafa ɗaya kamar ba ta yi komai ba. Su wane ne masu tasowa a cikinsu yanzu? Kuma za su mamaye duniya kamar yadda aka ce yayyensu sun yi? Ni dai a ganina Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Karin maganar nan gaskiya ne a wurare da yawa, amma a wannan wasan Laraba ta sha yaudarar mutane. Bari in fara miki da wata rana guda.

A watan Maris na 2020, a birnin Tallinn na ƙasar Estoniya, an yi gasar matasa ta duniya. 'Yan mata uku suka hau dandamalin karɓar lamba. Zinare ya tafi ga Kamila Valieva ta Rasha, tana da shekara 13. Azurfa ga Daria Usacheva, ita ma 'yar Rasha, ita ma shekararta 13, kuma kociyarsu ɗaya. Tagulla ga Alysa Liu ta Amurka mai shekara 14. Duk wanda aka tambaya a ranar wace ce za ta riƙe duniya bayan shekara biyar, ba zai ambaci ta ukun ba.

Ga yadda ta kasance. A Nuwamban 2021 Usacheva ta je wata gasa a Japan, tana cikin ɗumama jiki na minti shida kafin a fara, ta yunƙura za ta yi tsalle, ƙugunta ya samu mummunan rauni. Ba ta sake tsayawa a gasar ƙasa da ƙasa ba. Valieva kuwa an samu wani haramtaccen maganin zuciya mai suna trimetazidine a samfurin da aka ɗauka daga jikinta ranar 25 ga Disamban 2021, kuma a Janairun 2024 kotun ƙararrakin wasanni da ke Lausanne ta dakatar da ita na shekara huɗu, ana ƙirgawa daga ranar da aka ɗauki samfurin. Ita kuma Liu ta ajiye wasan da kanta a 2022 tana da shekara 16, ta je ta yi rayuwarta, ta dawo a 2024, sannan ta ci gasar manya ta duniya a Boston a Maris ɗin 2025 tana da shekara 19, ba tare da ta yi tsalle mai juyi huɗu ko ɗaya ba.

Don ki gane abin da ya sa ake tura yara su yi wannan tsallen, sai ki dubi lissafin maki. Kowane tsalle yana da farashinsa a littafin hukumar wasan ta duniya, wato ISU. Tsallen da ake kira toe loop idan an yi shi da juyi uku makinsa 4.2 ne, idan an ƙara juyi ɗaya ya zama huɗu sai ya koma 9.5. Lutz mai juyi uku 5.9 ne, mai juyi huɗu 11.5. Axel mai juyi uku, wanda a zahiri uku da rabi ne domin ana tashinsa ne fuska na kallon gaba, maki 8 yake bayarwa. To kin ga yarinyar da ta zuba irin waɗannan guda uku a wasanta ta yi wa sauran nisa tun kafin alƙalai su fara duba kyan motsinta da yadda take bin kiɗa.

Sai kuma batun jiki, wanda ke kin fi ni saninsa a aikace. Mai tsalle ba ta kai daƙiƙa ɗaya a iska. A cikin wannan ɗan taƙin za ta haɗe hannuwa a ƙirji, ta harɗe ƙafafu, ta juya sau huɗu, sannan ta buɗe jiki ta sauka da baya a kan ƙarfen ƙasan takalminta, wanda kaurinsa bai wuce milimita huɗu ba. Nauyin da ke sauka a kan ƙafar nan ɗaya ya ninka nauyin jikinta sau da yawa, kuma a atisaye ana maimaita wannan saukar kullum, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba. Jiki siriri marar faɗin ƙugu ya fi saurin juyawa. Shi ya sa abin ya fi zuwa wa 'yar shekara 12 ko 13 da sauƙi. Da zarar girma ya zo, tsawo ya ƙaru, ƙugu ya buɗe, sai ma'aunin da jikin ya saba da shi ya canza, tsallen da take yi ido rufe ya fara kuɓuce mata. A nan ne wasu ke shiga yaƙi da abinci. Yulia Lipnitskaya, wadda ta ci zinaren ƙungiya a Olamfik ɗin Sochi na 2014 tana da shekara 15, ta bar wasan a 2017 bayan ta yi jinyar cutar ƙin cin abinci. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ƙashin yarinyar da bai gama ƙwari ba yana da iyakar abin da zai ɗauka.

Maganar mamaye duniya da kika ji ba ƙari a ciki. Daga 2011 zuwa 2020 an yi gasar matasa ta duniya sau goma, 'yan matan Rasha suka ci tara. Marin Honda ta Japan ce kaɗai ta ratsa tsakani a 2016. Da yawa daga cikinsu sun fito ne daga hannun kociya Eteri Tutberidze a filin Khrustalny da ke Mosko: Evgenia Medvedeva, Alina Zagitova wadda ta ci zinaren Olamfik a 2018 tana da shekara 15, sai Alexandra Trusova wadda a Maris ɗin 2018 a birnin Sofiya ta zama mace ta farko da ta sauka tsalle mai juyi huɗu har guda biyu a wasa ɗaya, tana da shekara 13. Amma ki lura da yadda kowace ke miƙa wa ta bayanta. Zagitova ta dakata da gasa a ƙarshen 2019 tana da shekara 17. Anna Shcherbakova ta ci zinaren Olamfik a Beijing a 2022 ita ma tana da 17, kuma ba ta sake shiga gasa ba.

Daren nan na Beijing har yau ba ya fita daga raina. Valieva, wadda maganar maganin ta riga ta fasu a kanta, ta yi ta faɗuwa, ta ƙare ta huɗu, ta fito tana kuka. Trusova ta yi tsalle mai juyi huɗu har sau biyar amma azurfa ta samu, ta tsaya a bakin fili kwalliyar idonta na zuba tana cewa ta tsani wasan. Shcherbakova da ta ci zinaren tana zaune ita kaɗai riƙe da 'yar tsana, babu wanda ya zo ya rungume ta. Dukansu yara ne, babbarsu shekara 17. Ban taɓa iya kallon wannan a matsayin nasara ba.

Bayan wannan dare abubuwa biyu suka sauya, kuma su ne za su yanke makomar yaran da kika gani. Na farko, a ranar 1 ga Maris ɗin 2022 ISU ta hana 'yan Rasha da Belarus shiga gasanninta saboda yaƙin Yukren. Gasar matasa ta duniya ta 2022 Isabeau Levito ta Amurka ta ci, sannan Mao Shimada ta Japan ta ci uku a jere daga 2023 zuwa 2025, babu 'yar Rasha ko ɗaya a fili. Na biyu, a Yunin 2022 hukumar ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15, a hankali, har ya kai 17 daga kakar 2024 zuwa 2025. A da yarinya mai tashe a shekara 13 shekara biyu kawai za ta jira ta cafke zinare kafin jiki ya juya. Yanzu sai ta ratsa shekara huɗu, kuma su ne ainihin shekarun da jikin mace ke canzawa.

To su wane ne masu tasowar? Wadda ta riga ta tsallake ita ce Adeliia Petrosian, haifaffiyar 2007, ɗalibar Tutberidze. Ta riƙe kambun manya na Rasha, kuma a Satumban 2025 ta ci gasar neman gurbi a Beijing, ta samu tikitin Olamfik ɗin Milan na 2026 a matsayin 'yar wasa marar tutar ƙasa. Gurbi ɗaya tak aka ba matan Rasha, a ƙasar da a da take tura uku ta bar wasu ukun a gida suna cizon yatsa. Wadda aka ajiye mata a matsayin madadi ita ce Alina Gorbacheva, zakarar matasan Rasha ta 2023, ɗalibar Sofia Fedchenko. Ina sa ido a kanta musamman don ba daga manyan makarantun nan biyu, ta Tutberidze da ta Evgeni Plushenko, ta fito ba. Akwai Alisa Dvoeglazova a rukunin Tutberidze, wadda ta shigo sahun manya da tsalle mai juyi huɗu a hannunta.

A cikin ƙananan, sunaye biyu sun fi yawo, kuma ina kyautata zaton ɗayarsu kika gani. Margarita Bazylyuk ta rukunin Tutberidze ta ci gasar matasan Rasha ta 2024 tana da shekara 12. Elena Kostyleva kuma ta yi suna ne a makarantar Evgeni Plushenko, zakaran Olamfik na 2006, inda take haɗa Axel mai juyi uku da tsalle masu juyi huɗu a wasa ɗaya. Baiwarsu ba abin musu ba ce. Sai dai su da sa'o'insu haifaffun 2011 ba za su shiga gasar manya ta duniya ba kafin 2028, kuma Olamfik ɗin farko da za su iya hange shi ne na 2030 a tsaunukan Faransa, lokacin suna da shekara 18 ko 19. Abin tambaya shi ne ko gwiwa da baya da ƙugu za su kai su can.

Ina faɗin haka ne saboda Sofia Akateva. Ta ci gasar matasan Rasha sau biyu, a 2021 da 2022, ta ci ta manya a Disamban 2022 a gaban Valieva kanta, kowa ya ce ga magajiya. Sai rauni ya zaunar da ita, Petrosian ta wuce. Wasu kuma sun gaji da jiran a buɗe ƙofa sun sauya tuta. Sofia Samodelkina ta koma wakiltar Kazakistan. Tun kafin ita Anastasiia Gubanova ta koma Jojiya, har ta ci gasar nahiyar Turai a 2023, abin da da wuya ta samu damarsa in da ta tsaya a layin gida.

Akwai wata asara da ba a cika ambata ba. Yarinyar da ta tashi daga 2022 zuwa yanzu makinta duka daga alƙalan gida yake, kuma a ganina hannunsu ya fi sakewa, musamman wajen ƙyale juyin da bai cika ba. Alƙalan ƙasa da ƙasa suna mayar da bidiyo a hankali, in juyi ya gaza da kwata ko fiye sai su rage. Ga kuma rashin sabo da doguwar tafiya, da baƙon fili, da 'yan kallon da ba naka ba. Wannan ba a koyonsa a atisaye.

Ra'ayina shi ne Rasha za ta ci gaba da fitar da 'yan mata masu ƙarfi, domin tana da filaye da kociyoyi da ɗimbin yaran da ake sa wa takalmin tun suna shekara huɗu. Amma irin mamayar 2018 zuwa 2022, wadda aka gina a kan 'yan shekara 15, dokar shekaru ta rufe mata hanya. Wadda za ta yi nasara nan gaba za ta fi kama da Elizaveta Tuktamysheva, ɗalibar Alexei Mishin a Saint Petersburg. Ta ci gasar duniya a 2015, tauraruwarta ta dushe, ta dawo ta ci azurfa a 2021 tana da shekara 24, Axel ɗinta mai juyi uku na nan daram, saboda da ƙarfin ƙafa da ingantacciyar dabara take tashi, ba da rashin nauyi ba. Haka Kaori Sakamoto ta Japan ta ci gasar duniya sau uku a jere daga 2022 zuwa 2024 da gudu da faɗin tsalle da tsabtar sauka.

Idan kin koma kan bidiyon, Malama, ki rage saurinsa ki bar ƙirga juyi. Ki dubi ƙafar da ke ƙasa lokacin tashi: shin yarinyar ta riga ta murɗa rabin jikinta a kan ƙanƙara kafin ta bar ƙasa, ko kuwa gwiwa ce ta lanƙwasa ta cilla ta sama? Ki dubi tsayin tsallen da nisan da ya ci. Sannan ki dubi saukar, ko ta tsaya cak tana kokawa da faɗuwa, ko ta zarce da baya da gudunta, ƙarfen na tafiya shiru a kan ƙanƙara. Mai irin ta biyun ita nake rubuta sunanta a littafina, in sake nemanta bayan shekara huɗu.