Zauren Girki: Gato a Kan Gawayi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Goggo. Ina zaune a unguwar Domayo, cikin Marwa ta ƙasar Kamaru. Ina son in riƙa yi wa yarana gaton man shanu (wato kek) a gida, amma ba ni da obin, sai tukunya da gawayi. Nakan auna fulawa kofi ɗaya, sukari kofi ɗaya, man shanu kofi ɗaya, in fasa ƙwai huɗu. Kullum gindinsa ƙonewa yake yi, tsakiyar ta danƙare, mai yana tsatsafowa. Ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin ki ɗora wa gawayi laifi, duba kofinki. Wannan gaton da muka gada wajen Faransawa, nauyi ake auna masa, ba cikar mazubi ba: ƙwai, sukari, man shanu da fulawa, kowanne nauyinsa daidai da na ɗan'uwansa. Kofi mai cin kusan kwatan lita yana ɗaukar fulawa wajen giram 120 kacal, sukari kuwa giram 200, man shanu ya ma ɗara haka. Kin ga fulawarki ba ta kai ta riƙe man ba, shi ya sa yake gudu.

In babu sikeli a gida, ki tafi da ƙwanki wajen mai kanti, ya ɗora su, sannan ya auna miki sauran ukun a kan nauyinsu. Ƙwai huɗu na gidan gona sukan kai giram 200 zuwa 250. Na zabi da na kajin gida ƙanana ne, sai ki sa biyar ko shida.

Sai man, kuma a nan nake son ki natsu. Soyayyen man shanu na tuwo ba ya bugowa, kada ki sa shi. Ɗanye za ki saya hannun Fulani masu nono, ki wanke shi da ruwan sanyi har ruwan ya daina fari, tsamin nonon ya fita. Ni ina fifita shi a kan bota ta gwangwani nesa ba kusa ba, saboda ƙamshinsa. Amma dole ya kasance da laushi, ba narkakke ba. Idan kika danna da yatsa ya lotsa bai malale ba, ya yi. A zafin Maris da Afrilu na Marwa man ba ya jira, don haka ki yi aikin bayan sallar asuba, ki ɗora kwanon cikin wata roba mai ruwan randa.

Ki buga man da sukari da cokalin katako, minti goma cur, har ya yi haske ya kumbura. Ƙwayoyin sukarin ne ke tura iska cikin man, iskar nan ce ke tashin gaton. Mata da yawa a nan suke gajiya su wuce, daga baya su ce hannunsu ne ba ya yin gato. Daga nan ƙwai ɗaya-ɗaya, kowanne ya ɓace kafin na gaba. In haɗin ya nemi tsinkewa, ki zuba cokali guda na fulawa. Ki tankaɗe fulawar da ɗan gishiri da rabin ƙaramar ledar hodar tashin gato mai giram 11, ba yis na fanke ba. Ki juya a hankali, da zarar farin garin ya ɓace ki tsaya, don yawan bugu bayan fulawa ta shiga tauri yake kawowa.

Wuta kuma: ki zuba busasshen yashi mai tsabta a gindin tukunya, kaurin yatsu biyu, ga shi nan birjik a kogin Mayo Kaliyawo lokacin rani. Ki bari ya yi zafi minti goma, ki jera ƙananan duwatsu uku, ki ɗora gwangwanin da kika shafa wa mai kika barbaɗa wa fulawa. Ƙullun kada ya wuce kashi biyu cikin uku na gwangwanin. Garwashi kaɗan a ƙasa, mafi yawansa a kan murfi. Kada ki buɗe sai bayan rabin awa. Wajen minti 45 ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito fes ki sauke, ki bar shi minti goma kafin ki kife. Mai obin ta sa a digiri 180.

In ya huce ki rufe shi a mazubi mai murfi. Da zafin nan, a cinye cikin kwana uku.