Me Ya Sa Wani Dutsen Ke Malala, Wani Kuma Ya Fashe?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Daura. Na ga hotunan mutane suna kallon dutse mai aman wuta a Hawai daga kusa, alhali na karanta cewa wani dutsen ya hallaka gari guda. Ina bambancin yake?

Amsa: Ɗana, bambancin yana cikin kaurin narkakken dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda masana ke kira magma. Ka tsaya kusa da murhu idan ana tuƙa tuwo a gida. Muddin talge bai yi kauri ba, tururi na fita salin-alin, amma da zarar an ƙara gari ya yi kauri, sai ka ga ya kumbura ya fashe, har ya fallatso wa mai riƙe da muciya a hannu, domin tururin ya rasa hanyar fita.

Haka narkakken dutse yake, domin shi ma yana ɗauke da tururin ruwa da wasu nau'o'in iska da nauyin ƙasa ya danne a cikinsa. Abin da ke ƙara masa kauri shi ne yawan sinadarin silika (wanda ake samu a cikin yashi) da raguwar zafi. Na Hawai silikarsa kusan kashi 50 cikin ɗari ce, zafinsa kuma ya haura digiri 1,100 a ma'aunin Salsiyos, saboda haka iskar takan kuɓuce, shi kuma ya gangara kamar kunu. Wanda silikarsa ta fi haka yawa, wani lokaci har ta wuce kashi 70, yakan toshe bakin dutsen, iskar ta yi ta taruwa har ta fi ƙarfin toshiyar, sai ta tarwatsa shi ya zama toka da tsakuwa masu tsananin zafi. Irin wannan guguwar toka ce ta sauko daga dutsen Pele a tsibirin Matinik na yankin Karebiyan ranar 8 ga Mayun 1902, ta kashe mutane kimanin 28,000 cikin 'yan mintuna.

Sai dai ina jan hankalinka, kada hotunan nan su sa ka raina mai ruwa-ruwan, domin rashin kaurin ne ke ba shi gudu. A watan Janairun 2002 dutsen Nyiragongo na ƙasar Kwango ya tsage, narkakken dutse ya ratsa tsakiyar birnin Goma yana cinye gidaje, bai tsaya ba sai da ya kai tafkin Kibu.